Ma'aunin zafi na baki ko na goshi ga mai karɓar kemo

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa maganin da za ta fara ya zama sanadin waraka. Game da ma'aunan zafin jiki biyu da kike shawara a kansu kafin zamanta na farko na kemo (maganin sankara), wato ɗan siririn nan mai batir da ake sakawa a ƙarƙashin harshe ko a hammata, da kuma mai kama da bindiga da ake nuna wa goshi, ki sayi na bakin, kuma idan da hali ki sayi guda biyu. Na mallaki kowannensu a lokacin da nake karɓar maganin sankarar mama, amma ɗaya ne kawai nake tunawa da alheri.

Na goshin ni na saya da kaina tun kafin a fara mini magani, domin tun zamanin korona na saba ganinsa a ƙofar asibitoci, sai na ɗauka shi ne na ƙwararru. Na bakin kuwa wata nas ce ta dage a kansa ranar zamana na farko, har ta sa maigidana ya yi mata alkawarin ba za mu kwana ba shi a gidan ba. Ana ba ni magungunan kemo doksorubisin da saiklofosfamid ne duk bayan kwana 21, kuma a dare na goma bayan zama na biyu na farka wajen ƙarfe biyu ina rawar sanyi, haƙorana suna kaɗawa, duk da bargo biyu da aka lulluɓe ni da su. Maigidana ya nuna mini na goshin sau uku, yana ba shi digiri 36.6, har muka fara cewa gajiya ce kawai, mu bari gari ya waye. 'Yata ce ta tuna da maganar nas ɗin, ta ɗauko na bakin daga jakata, cikin minti ɗaya ya nuna 38.7. Muka kira lambar da aka rubuta mana a kati, aka ce mu taho yanzu. A asibiti aka ɗebi jinina, aka ɗaura mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun kafin sakamako ya fito, da ya fito kuwa sai aka tarar fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa sosai. Kwana huɗu na yi a gadon asibiti, daga nan kuma likita ya haɗa mini da allurar filgirastim a sauran zagayen domin ta taimaki ɓargo. Wannan ɗan ma'aunin har yau yana cikin akwatina, ban iya yar da shi ba.

Dalilin da ya sa lamba ɗaya take da nauyi haka yana cikin yadda maganin kansa yake aiki. Kemo yana afka wa ƙwayoyin jiki masu saurin rarrabuwa ne, kuma ba na ciwon kaɗai ke da wannan hali ba, akwai na saiwar gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da kuma na ɓargo inda ake ƙera jini. Nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, waɗanda su ne ke fara tarar ƙwayoyin cuta idan sun shiga jiki, ba su daɗewa a cikin jini, saboda haka da zarar ɓargo ya rage aiki sai adadinsu ya faɗi. A yawancin magunguna faɗuwar takan kai maƙura ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan zama, sannan adadin ya farfaɗo kafin zama na gaba, wannan ma na daga cikin dalilan da ake barin tazara tsakanin zagaye da zagaye, ake kuma gwada jini kafin kowane zama. A takardar gwaji adadin nutrofil na lafiyayyen mutum yakan haura 1.5, idan kuwa aka sauka ƙasa da 0.5 to an shiga haɗari. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a wannan yanayi jiki ba ya iya nuna ciwo yadda ya saba: rauni ba ya yin ja sosai, ba ya tara mugunya, tari ma ba lallai ya zo da majina ba. Sau da yawa zazzaɓi ne kaɗai shaidar cewa cuta ta shiga jini, kuma tana iya kwantar da mutum cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ƙa'idar asibitoci ita ce a fara ba irin wannan majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya da isowarsa.

Na goshi zafin da fata ke fitarwa yake karantawa, daga nan ya yi ƙiyasin na cikin jiki, fata kuwa komai na iya sauya ta: gumi, iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki, rana, hular da mai zubewar gashi ke kwana da ita, har da tazarar da ke tsakanin na'urar da goshin. Ga kuma abin da ya faru da ni, wanda likita ya yi mini bayaninsa daga baya: a daidai lokacin da zazzaɓi ke hawa, jijiyoyin fata suna tsukewa domin jiki ya riƙe zafi, sai goshi ya yi sanyi alhali ciki na tafasa. Iyakar abin da zan iya faɗa a yabonsa shi ne yana da sauri kuma ba ya tashin mai barci, don haka idan kuna da shi a gida a bar shi a ƙofa domin masu zuwa dubiya.

Shi ma na bakin yana da sharuɗɗansa, kuma idan aka saɓa musu zai ba da lambar da ba ita ba. A tura kansa can ƙarƙashin harshe, ta gefe, a rufe baki har sai ya yi ƙara, kuma a dakata aƙalla minti 15 bayan shan abu mai zafi ko mai sanyi. Akwai ranakun da bakin Mama zai iya fitar da ƙuraje ya yi ciwo har saka komai a ciki ya zama azaba, a nan sai a koma hammata, a goge gumi tukuna, a matse hannu a jiki. Awon hammata yakan yi ƙasa da na baki da kusan rabin digiri, saboda haka duk lokacin da kuka kira asibiti ku faɗa musu inda aka auna. Ta dubura kuwa kada a taɓa aunawa ga mai karɓar kemo, domin wurin yana iya yagewa ya yi jini ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ma'aunin ya zama nata ita kaɗai, a goge shi da auduga da sifirit kafin amfani da bayansa. Tsohon na gilashi mai zaiba a ciki ban ba ki shawararsa ba, domin karanta shi da tsakar dare yana da wuya, idan ya fashe kuma zaiba guba ce. Dalilin da ya sa na ce guda biyu shi ne batir yakan mutu ba tare da sanarwa ba, sannan ɗaya yana zama a gefen gado, ɗaya kuma a jakar zuwa asibiti.

Ki roƙi likitanta ya rubuta muku adadin zafin da idan an kai shi za ku kira asibiti, da lambar wayar da ake ɗauka dare da rana. Yawancin asibitoci digiri 38 suke cewa a ma'aunin Salshiyas, wanda ya yi daidai da 100.4 a na Faranhayit, wasu kuma tun daga 37.5 suke so a kira su, don haka abin da nata asibitin ya faɗa shi za ku bi, kuma ki tabbata kin san da wane ma'auni na'urar take nunawa. Idan tana rawar sanyi, ko ta rikice, ko numfashi ya yi mata wuya, ko zafin ya sauka ƙasa da 36 tana kuma jin jiki, a tafi asibiti ko da ma'aunin bai nuna zazzaɓi ba. Ina roƙonki musamman a kan farasitamol: kada ta sha shi don ciwon kai ko ciwon jiki sai an auna ta tukuna, idan kuma an ga zazzaɓi kada a ba ta don ya sauka a zauna a gida, domin zai ɓoye alamar ne cutar na ci gaba. Deksametason da ake bayarwa tare da maganin tashin zuciya shi ma yana iya danne zazzaɓi.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Akwai jabun ma'aunai da yawa, musamman na goshi da ake tallatawa a intanet, waɗanda duk wanda aka nuna wa lamba kusan ɗaya suke bayarwa. Ki saya a kantin magani mai rajista, a cikin kwalinsa da ba a buɗe ba, da takardar bayani da sunan kamfanin da ya ƙera shi, sannan ranar zama na farko ki tafi da shi ki roƙi nas ta auna Mama da na asibiti ki auna da naku a lokaci ɗaya, idan tazarar ta yi yawa ki sake wani. Waɗanda suka fi masu jabun na'ura illa su ne masu bin majinyata ta saƙon sirri da zarar sun ga an ambaci kansa, suna tallan ƙwayoyi da garin magani na ƙara garkuwar jiki ko wanke gubar kemo, wasu har suna cewa a ajiye maganin asibiti. Ni ma na taɓa sayen irin wannan kwalba a lokacin da tsoro ya cika ni, kuma na gode Allah da na nuna wa likita kafin in buɗe ta. Hanta da ƙoda ne ke sarrafa magungunan kemo su fitar da su, wasu sinadaran ganyayyaki kuma suna sa maganin ya fita da wuri ya rasa ƙarfi, ko ya daɗe a jiki illarsa ta ƙaru. Duk abin da Mama za ta haɗiya, ko bitamin ne, likitanta ya gan shi da idonsa.

Tare da ma'aunin ki haɗa da ɗan littafi da biro, domin lamba ba ta da amfani sosai idan ba a rubuta ta ba. Ni ina rubuta ranar zama a matsayin rana ta 1, daga nan kullum safe da yamma in rubuta zafin jikina, da sau nawa na yi amai ko gudawa, da abin da na sha na magani, kuma da wannan littafi likita ya gane cewa ondansetiron, maganin tashin zuciya, ne ke busar mini da ciki ya ƙara mini abin da zai sassauta shi. A jakar zuwa asibiti a sa katin magani, da sakamakon gwajin jini, da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, da ruwan sha, da mayafi mai kauri saboda zaman yakan ɗauki sa'o'i, ta kuma sa riga mai faɗin hannu don a sami jijiya cikin sauƙi. Maganin tashin zuciya a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ba sai amai ya fara ba. Idan doksorubisin na cikin abin da za a ba ta, ki sanar da ita tun yanzu cewa fitsarinta zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne ba jini ba. Tun a wannan makon ku fara auna ta sau biyu a rana tana lafiya lau, domin ku san zafinta na yau da kullum, hannunki kuma ya saba da na'urar kafin ranar zaman.