Hayar keken dogon hannu a Ohayo: darasin tsara zane ya biya kuɗinsa

Shagon da nake sayen zare a gefen birnin Columbus, jihar Ohayo, yana ba da hayar keken ɗinki mai dogon hannu a kan dala 25 kowace awa. Ba sa barin kowa ya hau sai ya yi darasin sarrafa keken, wannan dole ne. Akwai kuma wani darasin na ganin dama, inda mutum zai zauna da malama su tsara zanen da ɗinkin zai bi a kan bargonsa tun kafin ranar haya. Na biya duka biyun. Na biyun nan, wanda suke tallarsa a sanyaye kamar ba sa son a saya, shi ya fi yi mini amfani nesa ba kusa ba, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ga wadda ba ta saba da sana'ar ba, bargon da Amurkawa ke kira kwilt hawa uku ne: fuskar sama da aka harhaɗa da ƙyallaye, audugar ciki, sai shafi a ƙasa. Ɗinkin da ke ratsa ukun ya riƙe su shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ke fito da kyan bargo ko ya kashe shi. A keken gida ke ce za ki yi ta tura tulin yadi ta ƙarƙashin allura har kafaɗa ta gaji. A mai dogon hannu yadin yana ɗaure a jikin sanduna a kan wani dogon teburi mai ƙafa 10 zuwa 14, keken ne ke yawo a kan tayoyi, ke kuma kina riƙe da hannayensa biyu kina tuƙa shi. Ana danganta yaɗuwar irinsa da Ken Gammill na West Plains a jihar Missouri, wajen 1980. Yau akwai kamfanoni da dama: Gammill ɗin, da APQS a Iowa, da Handi Quilter a Utah, da Innova a Texas, har Bernina ta Suwizalan ta shigo kasuwar. Sabo mai kyau yana cin dubban daloli, ga shi sai an ba shi ɗaki sukutum, shi ya sa irinmu masu zaman gidan haya sai haya.

Fuskar bargon da na kai ragowar atamfofin anko ne da suka taru mini, na yanka su murabba'i-murabba'i na inci 9, na raba tsakaninsu da farar shadda, na kuma kewaye bakin da ita. Faɗi inci 80, tsawo 90. A raina na riga na gama shawara: gashin tsuntsu, wato zanen nan mai lanƙwasa da ganyayyaki gefe da gefe da ake gani a bargunan gasa a bikin kwilt na Houston ko a gidan tarihin kwilt na Paducah a Kentucky, shi zan watsa ko'ina.

Malamar dattijuwa ce, ta kusa saba'in, ba ta da yawan magana. Ba ta ce mini a'a ba. Ta shimfiɗa fuskar bargon a kan teburin yanka, ta ɗauko wani falle na roba mai kauri, garau kamar gilashi, an liƙe duk gefunansa huɗu da shuɗin salatif, ta ɗora a kan murabba'i huɗu, ta miƙo mini maka irin ta farin allo. Ta ce in zana abin da ke raina. Na zana. Ta ce in ja da baya taku uku in duba. Zanen ya ɓace ɓat a cikin atamfar. Furanni da tsuntsaye da launin ja da ɗorawa sun haɗiye shi, alhali baƙar maka ce mai kauri, ba siririn zare ba. Sai ta zame robar zuwa kan farar shaddar bakin bargon, zanen bai canza ba, amma nan take ya fito ras. Ta ce, "Nan ne wurinsa. Can kuma ba wanda zai san kin wahala."

Wannan minti biyar ɗin kaɗai ya rage mini awoyi na haya. Abin da muka tsaya a kai shi ne ɗinki mai sauƙi a kan atamfa, layuka masu lanƙwasa daga kusurwa zuwa kusurwa da za su riƙe yadin kawai su bar zanen atamfar ya yi maganarsa, a ajiye ƙawa don shadda inda haske ke faɗowa ya nuna tudu da kwari.

Salatif ɗin gefen robar ba ado ba ne. Roba garau ce, idan hannu ya ɗauki gudu ba a ganin inda ta ƙare, sai maka ta sauka a kan yadi, kuma tawadar farin allo ba ta cika fita daga auduga ba. Ta kuma hana ni goge robar tana kan bargon, saboda garin tawadar da ke zubowa. A ɗaga, a kai gefe, a goge, a dawo da ita. Kowane zane kafin a goge a ɗauke shi hoto da waya. Daga baya na zauna a gida na jera hotunan ina kwatantawa, kuma wanda na zaɓa ba shi ne wanda ya fi burge ni a shagon ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya fi daɗi, shi ne neman hanya. Zane a takarda kina iya ɗaga biro duk lokacin da kika ga dama. A keke, kowace tsayawa na nufin ɗaure zare, yanke shi, matsar da keke, jawo zaren ƙasa sama, sake farawa. Idan murabba'i 60 ne kuma kowanne sai an tsaya sau biyu, lissafa da kanki a kan dala 25. Saboda haka malamar ta sa ni zana layi ɗaya tal wanda zai shiga murabba'i ta kusurwar hagu, ya zagaye shi, ya fita ta dama ya faɗa na gaba ba tare da maka ta bar robar ba. Inda hanya ta toshe, sai a bi ta cikin tsagin da yadi biyu suka haɗu, ɗinkin ya ɓuya a ciki har a isa inda ake so. Ta hana ni riƙe makar kamar mai rubutu. A dunƙule a tsaye, gwiwar hannu a sama, motsi daga kafaɗa, domin haka za a tuƙa keken. Da farko abin dariya ya ba ni, layukan duk a karkace. Bayan na yi ta maimaitawa a gida da daddare, ranar da na kama keken hannuna ya riga ya san inda za shi.

Abin ya tuna mini masu aikin babbar riga a gida. Kafin a soka allura a aska biyu ko aska takwas, sai mai zane ya fitar da shi a jikin yadin da alƙalami, kuma sau da yawa wanda ya zana daban, wanda ya ɗinka daban. Bambancin kawai shi ne mai riga yana ganin aikinsa gaba ɗaya a cinyarsa.

A keken dogon hannu ba kya gani. Wannan ne abin da darasin farko, na dole, bai bayyana sosai ba. Da zarar an ɗaura bargo, yanki ɗaya kawai ke gabanki, daga hagu zuwa dama. Keken da na hau wuyansa, wato tazarar da ke tsakanin allura da jikin keken, inci 20 ne, amma filin ɗinkin bai kai haka ba, saboda sandar da ke naɗe abin da aka gama tana cikin wuyan. Kuma yayin da bargon ke naɗuwa tana ƙara kauri tana cin wurin. Zanen da ya shiga daidai a layin farko yana iya ƙin shiga a na ƙarshe. Abin da kika ɗinka a sama kuma ya naɗe ya ɓace, ba za ki waiwaya ki ga ta ina kika juya lanƙwasar ba sai kin warware naɗin. Nan takardar da na zo da ita ta yi rana: hoton bargon baki ɗaya da na buga baƙi da fari, na zana tsarin a kai da jan biro, har da kibiyoyi masu nuna inda kowane layi ya dosa. Na manna ta a jikin keken.

Bakin bargo na hagu da dama wata matsalar ce da sai an yanke shawararta tun a gida. Na sama da na ƙasa suna kwance a gabanki, ki bi su a tafiya ɗaya. Na gefe kuwa suna zuwa ne gutsure-gutsure tare da kowane naɗi. Ko dai ki raba zanen ta yadda mahaɗinsa ba zai nuna ba, ko ki bar su, idan kin gama ki sauke bargon ki juya shi ki sake ɗaurawa. Juyawar ta fi kyau, amma lokaci ne, lokaci kuma kuɗi. Na zaɓi rabawa, muka auna tsawon kowane reshe na gashin tsuntsun ya yi daidai da murabba'i ɗaya, mahaɗin ya faɗa kan layin shadda.

Na gwada manhajar zane a iPad ma, inda ake ɗora hoton bargo a zana a samansa. Tana da kyau wajen ganin tsarin gaba ɗaya da gwada launin zare. Amma allon ƙarami ne, yana ruɗin ido. Ƙananan da'irori masu kama da tsakuwa da ake cike fili da su suna da sauƙin zanawa a can, a kan yadi kuwa tafin hannu ɗaya na iya cin minti goma da zaren ƙasa mai yawa. Roba ce ke nuna girman gaskiya. Idan ɗaya za ki saya, sayi robar, a shagon kayan gini ma ana yanka ta, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Akwai maganar yawan ɗinki da na so a ce sun fi jaddadawa. Duk inda ɗinki ya yi yawa yadi yana tsukewa. In tsakiya ta sha ɗinki bakin bai sha ba, bakin zai yi ta kaɗawa ba zai kwanta ba. In bakin ne ya fi, tsakiyar ta kumbura. Tunda ni bakina ne zai sha ƙawa, sai muka ƙara layi ɗaya a kowane murabba'in atamfa don su yi kusa da juna. A jikin ledar audugar ciki kuma ana rubuta iyakar tazarar da za a iya bari tsakanin ɗinki da ɗinki, wata inci 4, wata har 10. A karanta kafin a zana, kada a wanke bargo auduga ta dunƙule.

Shagon yana da nasa aibin. Agogon haya yana fara gudu ne tun daga ɗaura yadi, kuma ga sabon hannu ɗaura shafi da auduga da fuska a miƙe yana iya cin kusan awa guda ba a yi ɗinki ko ɗaya ba. Ba su faɗa mini haka ba sai a ranar. Zare kuma sai nasu, ba a zuwa da na gida. Na fahimci dalilin, an daidaita keken da irin zaren da suka sani, amma launukan da ke kan kantarsu sun fi dacewa da yadin Amurkawa masu sanyin launi, na sha wuya kafin in sami abin da zai zauna da ɗorawa da shuɗin atamfa. Na ƙare da ruwan toka mai haske, bai yi laifi ba. Sannan yarinyar da ke kan kanta ta yi ta tura ni wajen zanen takarda, irin doguwar takardar nan da ake shimfiɗawa a bayan keke a bi layinta da ɗigon jan haske, zane ɗaya daga baki zuwa baki. Ba laifi ba ne, yana da sauri, kuma ga bargon yara ko na atamfa zalla shi zan zaɓa. Sai dai bai san inda shadda take ba balle ya girmama ta, kuma ban biya kuɗin tsara zane don in dawo in bi na wani ba.

Ta fuskar kuɗi, kada wata ta ɗauka haya arha ce a karon farko. Masu karɓar aiki su ɗinka miki zane ɗaya daga baki zuwa baki a nan suna caji ne da murabba'in inci, galibi senti 2 zuwa 3. Bargona murabba'in inci 7,200 ne, wato dala 144 zuwa 216. Idan aka haɗa darussa biyu da awoyin haya da zare, na kashe fiye da haka. Amma aikin da na yi, inda kowane sashe ke da nasa zanen, farashinsa a wurinsu ninki ne ko fiye, kuma sai an bi layi.

Wadda bargonta duk yadi ne mai cunkoson zane, ko kyauta ce ta suna da ake sauri, ba ta buƙatar darasin nan. Wadda ke da fili fari ko yadi marar zane a jikin nata, ta biya, ta kuma je da fuskar bargon a goge, ba hotonsa ba. Shafi da audugar ciki su fi fuskar da aƙalla inci 4 ta kowane gefe, in ba haka ba maƙallan da ke riƙe gefen yadin za su tokare keken. Atamfa da shadda a wanke su tun kafin a yanka, don sitacin da ke jikinsu yana sa allura tsallake ɗinki. Idan za a yi alama a kan yadin kansa, alli ko shuɗiyar maka mai fita da ruwa, kuma kada dutsen guga ya taɓa shuɗiyar kafin a wanke. Biron nan da zafi ke gogewa kuwa a bar shi wa takarda, domin tawadarsa tana dawowa idan sanyi ya yi tsanani, kuma a Ohayo bargo yana iya kwana a bayan mota a watan Janairu.