Gargaɗi ga masu masana'antu: hattara da dillalan "hayar kota"

Masu injinan casar shinkafa, kamfanonin roba da na jima a Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, har da asibitocin kuɗi masu ɗauko likitoci daga Masar, ku ne masu wannan damfarar suke farauta. Dillali zai zo da fayil a hammata ya ce: "Alhaji, ba sai ka wahala zuwa Abuja ba. Akwai kamfanin da ke da gurbin kota a ajiye, mu sa injiniyanka na ƙasar waje a ciki, ka biya haya duk shekara." Wani kuma cewa zai yi a shigo da mutumin da bizar kasuwanci tukuna, daga baya a "juya" ta. Duka biyun ba sa ɓullewa.

Kota izini ne da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bai wa kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ya ɗauki baƙo aiki. Takardar na ɗauke da sunan kamfanin, muƙaman da aka amince da su, adadin mutane a kowane muƙami, da wa'adi. Ba rumfar kasuwa ba ce da za a bayar haya. Da wannan takardar kamfani ke rubuta wa baƙon wasiƙar ɗaukar aiki, ya kuma rubuta cewa ya ɗauki alhakinsa a gaban Hukumar Shige da Fice. Shi kuma baƙon ya haɗa da takardun karatunsa ya nemi bizar STR, wato bizar shigowa aiki, tun yana ƙasarsa. Idan ya sauka Najeriya, yana da kwana 90 a daidaita zamansa a ba shi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki.

To, a nan hayar kota ke yin tsami. Katin a ɗaure yake da kamfanin da ya nema da kuma muƙamin da aka rubuta. Ranar da jami'ai suka shigo masana'antarka suka tarar da Ba'indiye yana kwance injin, katinsa kuma na cewa akanta ne a wani kamfanin gine-gine a Legas, ba shi da izinin yin aiki a wurinka ko da katin na gaske ne. Dokar shige da fice ta 2015 ta hana baƙo karɓar aiki ba tare da amincewar hukuma ba, kuma hukuncin ya haɗa da tara da mayar da shi ƙasarsa. Kai ka biya kuɗin jirgi, ka biya haya, ga inji tsaye. Dillalin kuwa babu sunansa a ko da takarda ɗaya.

Akwai abin da ma ba a cika lura da shi ba. Kamfanin da ke da kotar shi ne ke kai rahoton baƙinsa duk wata, shi ne kuma ke da ikon cewa mutumin ya bar aiki. Kenan duk ranar da ya ga dama ya ƙara kuɗin haya, wuƙa da nama na hannunsa. Idan kotarsa ta ƙare bai sabunta ba, ko aka soke ta, zaman ma'aikacinka ya faɗi tare da ita, kuma ba wanda zai sanar da kai. Wani lokacin gurbi ɗaya ake sayar wa mutum biyu ko uku, ɗaya na gaske, sauran a buga musu kati a shagon kwamfuta.

Bizar kasuwanci kuma ta taro ce da ƙulla ciniki, ba ta aiki ba, ba a mayar da ita izinin zama. Abin da dillalan ke yi shi ne su riƙe fasfo wata da watanni da sunan "yana hedikwata", alhali kwanakin bizar na ta ƙarewa. A 2025 gwamnati ta sanar da tarar dala 15 kan kowace rana da baƙo ya wuce wa'adi.

Idan mai haɗa inji kawai kake buƙata na 'yan makonni, ba ma ruwanka da kota. Izinin aiki na wucin gadi, TWP, domin irin wannan aka yi shi, kamfaninka ne ke nemansa kafin mutumin ya taso.

Ba duk mai taimakawa da takardu ne ɗan damfara ba, lauyoyi da yawa sana'arsu kenan. Bambancin yana fitowa a wuri uku. Mai gaskiya zai nemi takardun CAC, shaidar biyan haraji da sunayen 'yan Najeriya da za su koyi aikin a ƙarƙashin baƙon, domin sharaɗin kota ne. Wanda bai tambaye su ba, ba kota yake nema maka ba. Kuɗin gwamnati a shafin hukuma ake biya, rasit ya fito da sunan kamfaninka, ladan mai aiki daban, kar ka tura su a dunƙule cikin asusun mutum. Sannan kafin a sayi tikiti, karɓi takardar kotar ka karanta da idonka: sunan kamfaninka ne a sama, muƙamin ya yi daidai da aikin da mutumin zai yi, wa'adin bai ƙare ba.

Wanda ya riga ya faɗa, ya fara karɓo fasfon ma'aikacinsa ya duba hatimin shigowa, ya ɗauki lauya, ya kai katin ofishin Hukumar Shige da Fice na jiharsa a tantance. Rasit da saƙonnin da aka yi da dillalin a adana su, da su ake shigar da ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.