Sharhi: Buɗe Tsohon Murhun Ɗumama Ɗaki a Gidan Bulo na Ingila

Masu aikin bututun hayaƙin da suka buɗe mana murhun falo a wani tsohon gidan bulo a Leeds sun san aikinsu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne sun ƙi ƙyasta ashana sai da suka gama bincike. Murhun ya daɗe a toshe, an taɓa sa na gas a gurbinsa.

Da shara suka fara. Suka zubo kunkunniya da tsohuwar sheƙar tsuntsu, sannan suka zura kyamara, aka ga kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zaizaye. Sai gwajin hayaƙi: a kunna ƙwayar hayaƙi a ƙasa, a toshe bakin murhu da kan bututu, a bi ɗakunan sama ana dubawa. Hayaƙi ya ɓullo ta gindin bangon ɗakin kwana. Ta irin wannan tsagar iskar kabon monoksaid ke shiga, ba wari ba launi, ta kashe mutum yana barci. Mai aikin da ya tsallake wannan gwaji, a sallame shi.

Siririn bututun gas na dā cire shi suka yi, domin ba ya jure zafin itace ko kwal. Suka sa na ƙarfe marar tsatsa mai faɗin milimita 200, wanda shi ne mafi ƙanƙanta idan bakin murhu bai wuce milimita 500 da 550 ba. In bututu ya yi wa baki kaɗan, hayaƙi falo yake dawowa. Daɓen gaban murhu kuwa kaurinsa milimita 125 ne, ya fito gaba da 500. Sun huda bango don iska ta riƙa shigowa, suka maƙala na'urar gargaɗin kabon monoksaid, suka ba da takardar shaidar HETAS, ƙungiyar da ke yi wa masu girka murhun itace da kwal rajista.

Inda suka gaza: sai a ƙarshe suka ambaci cewa unguwar na cikin yankin da aka hana hayaƙi. A irin wannan yanki ba a ƙona itace a buɗaɗɗen murhu, sai makamashi marar hayaƙi da hukuma ta amince da shi. Kamata ya yi a tambayi ƙaramar hukuma kafin a biya ko sisi. Inda aka yarda da itace, danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, don ɗanye yana tara kwalta a bututu har ta kama da wuta, kuma a share bututun sau biyu a shekara.