Weltwärts: aikin sa-kai a Jamus, kyawunsa da inda yake da wuya

Gwamnatin Jamus ta ƙaddamar da shirin weltwärts a 2008 domin tura matasanta aikin sa-kai a ƙasashe masu tasowa. A 2013 aka buɗe ƙofa ga matasan Afirka, Asiya da Latin Amurka su ma su je Jamus. Ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ce ke biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin, ƙungiyar da ta karɓi matashi ta nemo sauran.

Tsarin yana da kyau. Ana ɗaukar 'yan shekara 18 zuwa 28, yawanci na shekara ɗaya, kuma an ɗauke musu kuɗin jirgi, masauki, abinci da inshorar lafiya. Akwai kwana 25 na bita da aka wajabta. Aikin kuwa na cikakken lokaci ne, misali a gidan renon yara ko cibiyar masu buƙata ta musamman.

Sai dai ba a neman gurbi kai tsaye. Dole sai ta hannun ƙungiyar abokiyar hulɗa a ƙasar mai nema, kuma ba ko'ina ake da ita ba. Biza ma tana kawo cikas, domin ofishin jakadanci na iya hanawa idan bai gamsu cewa mutum zai dawo ba.

Kuɗin aljihun da ake bayarwa ba albashi ba ne, ba zai isa a aika gida ba. Wanda ya sauka babu ɗan Jamusanci kuwa, yara 'yan shekara huɗu za su yi ta magana yana kallon bakinsu.