Shagon kayan haɗa mutum-mutumi a Jidda

A wannan ƙaramin shago matasanmu Hausawa mazauna Jidda suke sayen allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba mutum-mutumi umarni, da L298N mai sarrafa injinan taya. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin mai shagon, domin da ɗana ya kai masa mutum-mutuminsa mai mutuwa da zarar tayoyin sun motsa, sai ya ɗora mitar auna wuta, ya nuna masa yadda injinan ke janye wuta har ta gaza volt 5 da allon Arduino ke buƙata, sannan ya raba wa allon da injinan batiri, kowa da nasa, tare da haɗa wayar negatif ɗinsu wuri ɗaya. Sai dai siraran wayoyin haɗa wuta da mai shagon ke sayarwa suna saurin tsinkewa daga ciki, kuma suna da tsada.