Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan karatun gudanar da asibiti a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Saƙonka ya same ni ina tsakiyar aikin dare, na kuma ga tambayar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na jira ranar hutuna na zauna na rubuta. Ka ce shekara 11 ke nan kana ofishin mulki na asibiti, mataki ya ƙi gaba, har kana tunanin sayar da filinka ka zo nan ka yi digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin lafiya. Tunda ina cikin karatun, ina haɗa shi da aikin jinya, bari in gaya maka abin da idona ya gani, kai kuma ka auna.

Ka tuna daren da muka kwana da Inna a asibiti, numfashinta yana sama, iskar tukunyar da ke gefen gadonta ta ƙare wajen ƙarfe biyu? Kai ka ruga sito, aka ce akwai cikakkun tukwane har uku a ciki, amma mai mukulli ya tashi tun magariba, wayarsa a kashe. Da gari ya waye kuma aka nemi fayil ɗinta aka rasa, sai da muka buɗe sabon kati, likitan safe ya fara tambayar tarihin ciwon daga farko kamar ba ta taɓa taka asibitin ba. Shekaru na yi ina ɗora laifin wannan dare a kan talauci. Sai da na zo nan na zauna a aji na gane cewa iska tana nan, kuɗinta an riga an biya, likita ma yana nan. Abin da babu shi ne mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya tabbatar mukullin sito bai kwana a aljihun kowa ba, wanda kuma za a tsayar da safe a tambaye shi idan ya kwana. Karatun da kake tambaya a kai, gaba ɗayansa a kan samar da wannan mutumin yake.

A asibitin da nake aiki, kullum da safe ana wani ɗan taro na minti goma sha biyar, a tsaye ake yinsa. Akwai matar da aikinta ke nan kawai, lissafin gadaje. Tana tsaye gaban allon kwamfuta, shugabar kowane ɗaki tana faɗin gado nawa ne babu kowa, mutum nawa za a sallama kafin azahar, wa ke jiran magani, wa ke jiran motar da za ta kai shi gida. Idan aka ce wani tsoho ya warke amma yana kwance saboda ba a kafa masa abin dafawa a banɗakinsa na gida ba, nan take za a rubuta sunan wanda zai bi maganar da ƙarfe nawa zai dawo da amsa. Da rana a sake haɗuwa, a tambaye shi. Ranar da na fara halarta na tsaya ina kallo kawai, don ban taɓa tunanin gado abu ne da ake ƙirgawa sau uku a yini ba.

Ɗakin kayan aiki ma haka. Kowane kwando na allura da safar hannu da auduga yana da lamba da iyakar da in ya sauko ƙasa da ita, oda take tafiya, tun kafin wani ya buɗe baki. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu muke da karin maganar, su kuma sun mayar da ita aikin wani ma'aikaci mai albashi. Ka kwatanta da takardar da ake miƙa wa 'yan jinya a gida, a ce babu, a je a sayo a waje. Kuma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Asusun jujjuya kuɗin magani da kuke da shi ya samo asali ne daga shirin Bamako na 1987, kuma tunanin da ke cikinsa mai kyau ne. Kai ka fi ni sanin inda kuɗin yake maƙalewa: a sayar da magani, a ranci kuɗin a sayi man janareta, a ce za a mayar.

Kada ka ɗauka su ma haka suka tashi. An kafa NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasar nan, ranar 5 ga Yuli 1948, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan, kuma shekaru da yawa asibitoci suna tafiya ne da kwamiti, likita da nas da jami'in mulki da ma'aji, kowa yana iya hana ruwa gudu. A 1983 gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗauko Roy Griffiths, babban jami'in kantunan Sainsbury's, ta ce ya duba. Maganarsa da har yau malamai suke maimaitawa ita ce, da Florence Nightingale, shahararriyar nas ɗin nan ta zamanin da, za ta dawo da fitilarta ta zaga asibitocin, abin da za ta yi ta nema shi ne wa ke riƙe da ragama. Daga rahotonsa aka fara naɗa manaja guda a kowane mataki, wanda za a kama da alhaki.

Shi karatun, in cikakken lokaci ne, shekara ɗaya ake yi. Kashi biyu cikin uku darussa ne, ragowar kundin bincike. Akwai tattalin arzikin lafiya, kasafin kuɗi, kula da ma'aikata, dokoki, inganta aiki, da jagoranci. Ba a cika jarrabawar hadda ba, rubutu ake so, kuma dole ka kawo hujja a kan kowace jimla. Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne darasin inganta aiki. An koya mana rabon da Avedis Donabedian ya yi a 1966, cewa ingancin asibiti ana duba shi ta fuska uku: kayan da kake da su, yadda kake aiki da su, da abin da ya samu majinyaci a ƙarshe. Mu a gida hankalinmu yana kan na farko, sabon gini, sabuwar na'ura, a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Na tsakiyar nan shi ne maraya. An kuma kawo mana takardar tantancewa ta ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, tambayoyi 19 a shafi ɗaya: shin wannan ne majinyacin, wannan ce ƙafar da za a yanka, an ƙirga auduga kafin a ɗinke? A asibitoci takwas da aka gwada ta, har da na Tanzaniya da Indiya, mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Takarda ce da biro. Ranar na fita aji zuciyata a cushe, ina lissafin ɗakunan tiyatar da na yi aiki a cikinsu.

Wani abu da ya yi mini wuyar sabawa shi ne rubuta kuskure. Watanni na farko na kusa ba wata mata maganin maƙwabciyarta, sunayensu sun yi kama, na ankara kafin ta haɗiye. Na yi shiru ina gode wa Allah. Sistar ɗakin da ta gani ta ce in shiga kwamfuta in rubuta abin da ya faru. Jikina ya yi sanyi, don a inda na fito wannan takardar tuhuma ce da hannunka. Babu wanda ya tuhume ni. Bayan mako biyu aka fara liƙa jan tambari a gadon duk masu suna iri ɗaya.

To amma Yaya, kada in sa ka zaci aljanna ce. Abin da muke biya da kuɗi a gida, a nan da jira ake biyansa. Ba ka ganin ƙwararren likita sai likitan unguwa ya tura ka, shi kansa samunsa sai ka kama waya ƙarfe takwas na safe kana layi. A watan Satumba na 2023 jerin masu jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7.7. Ƙa'idar sashen gaggawa ita ce a gama da kashi 95 cikin 100 na masu zuwa cikin awa huɗu, kuma rabon da a cika ta a ƙasa baki ɗaya tun 2015. Da idona na ga dattijo ya kwana a kan gadon turawa a baranda. Na kuma ga tsofaffi da suka warke suna kwance makonni saboda babu wanda zai karɓe su a gida, abin da a wurinmu ko a mafarki ba za a yi ba, inda 'yan jinya suke cika baranda har nas ta kore su. Wannan ƙarfi ne da muke da shi, kuma babu littafin da na karanta a nan da ya san yadda ake lissafa shi. Bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a nan ba a tambayar mutum ajiyar kuɗi kafin a taɓa shi, alhali a Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci yake fita.

Shi kansa mulkin manajoji yana da nasa ciwon. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, shugabanni sun duƙufa kan daidaita kasafi da cika alƙaluma, aka rage ma'aikata, majinyata suka kwana cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken lamarin, ya fito a 2013 da shawarwari 290. Kusan kowane darasi sai an koma kan wannan labari, don a nuna mana lissafi yana iya yin kyau a takarda mutane suna mutuwa a ɗaki.

Yanzu maganar ƙarin girma, wadda na san ita ce ta fi damunka. A nan takardar kaɗai ba ta ɗaga mutum. Ni ina mataki na 6 a tsarin albashinsu, ina neman na 7, kuma a hirar da na shiga ba su daɗe a kan digiri ba. Cewa suka yi in ba su misalin matsalar da na gano, abin da na auna, abin da na canza, da abin da ya biyo baya. Karatun ya ba ni bakin amsawa, amma aikin da na yi a ɗaki shi suka saurara. Ga wanda ya zo daga waje ba likita ba, ba nas ba, shiga kujerar manaja kai tsaye yana da wuya ƙwarai, don suna son wanda ya san tsarinsu ciki da bai. Na san masu digiri na biyu da suke aikin kula da tsofaffi suna jiran ƙofa ta buɗe. A gida kuma ka san babbar kujerar asibitin koyarwa ta likita ce, taka hanyar tana kaiwa ne ga daraktan mulki. Amma akwai wasu ƙofofin: dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi suna da hukumomin taimakekeniya. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya iya kasafi da bin diddigi, kuma irin mutanen ba su da yawa.

Game da filin, ina roƙonka ka dakata. Ban da kuɗin makaranta, wanda na baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, akwai harajin lafiya na fam 776 a shekara, akwai kuɗin zama da dole a gan su kwance a asusunka kwana 28 kafin ka nemi biza. Aiki awa 20 kawai aka yarda a mako lokacin karatu, ba zai biya makaranta ba. Tun Janairun 2024 kuma mai irin wannan digiri ba ya zuwa da iyali, ke nan Anti da yara za su zauna shekara guda ko fiye ba kai. Izinin zama na shekara biyu bayan kammalawa da aka fara a 2021, gwamnati ta riga ta sanar za ta rage shi. Ka fara gwada tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening ko na Commonwealth. Chevening suna son wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu, suna kuma sharaɗin ya koma gida ya yi shekara biyu, kuma shekarunka 11 a ofis su ne jarinka a wurinsu. In bai samu ba, jami'o'i da dama a nan suna koyar da wannan fanni ta intanet, kana kan kujerarka, albashinka yana shiga. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da kai, don duk abin da aka koya maka ranar Litinin kana da asibitin da za ka gwada shi ranar Talata, abin da ɗaliban da suka baro aikinsu suke nema ido rufe idan lokacin kundin bincike ya zo.

Kafin ka cike kowace takarda, ka yi mini abu ɗaya. Ka samu littafi ka ajiye a ɗakin kati na wata guda, a riƙa rubuta fayil nawa aka nema kullum, nawa aka samu, minti nawa aka ɗauka, waɗanda suka ɓata kuma a ina aka tsince su daga baya. Kada a rubuta sunan majinyaci ko ɗaya, kuma ka sanar da shugabanka tukuna. Idan watan ya cika ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini, mu zauna a waya in nuna maka yadda ake zana su, da shi za mu rubuta bayanin neman tallafin. Ana buɗe na Chevening ne wajen watan Agusta, saboda haka ka fara tun yanzu.

Ka gaishe mini da Anti da yara, ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in sha Allahu.

Ƙanwarka.