Hannu Biyu, Katanga Biyu: Bronx 1996 da Chicago 2003

Ɗan'uwa, ka tambaya: a wasan besbol na Amurka, tsakanin Baltimore Orioles a 1996 da Chicago Cubs a 2003, wa alƙalin wasa ya fi cuta? Ka ce ka kalli bidiyon biyu, kuma a idonka duk kanwar ja ce: ɗan kallo ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da ɗan wasa ke shirin cafewa, alƙali ya kau da kai. To, Baltimore aka cuta. Cubs kuwa alƙali bai yi musu komai ba, da hannunsu suka daɓa wa cikinsu wuƙa. Akwai wanda aka zalunta a Chicago a daren nan, amma ba ya cikin 'yan wasa.

Sai ka riƙe doka ɗaya kafin mu shiga, don a kanta komai ya rataya. A besbol, katangar da ta raba fili da kujeru iyaka ce har sama. Idan ɗan kallo ya zuro hannu ta ɓangaren fili ya taɓa ƙwallo, ya yi katsalandan: wasa ya tsaya, kuma in alƙali ya ga cewa da ba don hannun ba da an cafe, sai ya fitar da mai bugun. Idan kuwa ɗan wasa ne ya zura hannunsa cikin kujeru yana bin ƙwallo, ya shiga gonar 'yan kallo, duk abin da ya same shi a can shi ya jiyo. Tambayar da alƙali zai yi wa kansa ke nan: a wane ɓangaren katanga hannun ya gamu da ƙwallo?

Mu fara da Bronx, unguwar New York inda filin ƙungiyar Yankees yake. Ranar 9 ga Oktoba, 1996, wasan farko na jerin da zai fitar da zakaran Amerikan Lig, a tsohon filin Yankee Stadium. Zagaye na takwas cikin tara, Orioles na gaban Yankees 4 da 3. Derek Jeter na Yankees, wanda a lokacin sabon shiga ne, ya ɗaga ƙwallon da Armando Benitez ya jefo masa zuwa ɓangaren dama. Wannan ɓangare na filin gajere ne, ƙafa 314 kacal a kan layi, kimanin mita 96, kuma kujerun na zaune ne daidai bisa katangar, babu wani rata. Tony Tarasco na Orioles ya ja da baya har gadon bayansa ya kusa mannewa da katanga, ya ɗaga safar hannunsa yana jiran ƙwallo ta sauko. Ba ta iso ba. Wani yaro ɗan shekara 12 ya leƙo daga sama da tasa safar, ya zuro hannu ya janye ta zuwa cikin kujeru. Bai ma cafe ta da kyau ba, ta kuɓuce masa.

Ka sake kallon bidiyon ka lura da Tarasco. Ko sauke hannu bai gama yi ba ya fara nuna sama da yatsa, kamar mai cewa ga ɓarawon can. Alƙalin da ke wajen, Rich Garcia, ya riga ya murza yatsa a iska, alamar ƙwallo ta haye katanga, maki ya shiga. 4 da 4. Kocin Orioles Davey Johnson ya rugo ya yi ta kumfar baki har aka kore shi daga wasan. A zagaye na 11 Bernie Williams ya yi bugun da ya haye katanga na gaskiya, Yankees suka ci 5 da 4.

Abin da ya fi ɓata min rai a nan shi ne, a wasannin kaka alƙalai huɗu ake sawa, amma a wasannin neman kofi ana ƙara biyu, ɗaya a layin hagu ɗaya a layin dama, don irin wannan lamari kawai. Garcia shi ne na layin dama. Aikin da aka kawo shi yi ke nan, kuma ya rugo har kusa da katangar. Da ya ga bidiyo bayan wasa ya amsa cewa yaron ya yi katsalandan, sai dai ya tsaya a kan cewa Tarasco ba zai iya cafe ƙwallon ba. Ko da mun ba shi wannan, abin da Jeter zai samu bai wuce tasha ta biyu ba cikin huɗun da ake zagayawa kafin a ci maki. Orioles suka kai ƙara, shugaban lig ɗin Gene Budig ya yi watsi da ita, don hukuncin ganin ido ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Kuma ka duba abin da ya biyo baya. Baltimore ta ci wasa na biyu a wannan filin dai. Da na farko bai suɓuce ba, da sun koma gida da nasara biyu a aljihu. Ba zan rantse da sun ɗauki jerin ba, tunda Yankees sun bi su har filinsu na Camden Yards sun ci uku a jere, daga nan suka doke Atlanta Braves suka ɗauki World Series, babban kofin besbol, karon farko tun 1978. Amma maki ɗaya an ƙwace shi a bainar jama'a, a wasan da aka rabu da bambancin maki ɗaya. Shi kuwa yaron, New York ta mai da shi gwarzo, gidajen talabijin suna rububinsa.

Yanzu Chicago, 14 ga Oktoba, 2003, filin Wrigley. Sai ka san nauyin da ke kan mutanen nan kafin ka fahimci haukan da ya biyo baya. A lokacin, rabon Cubs da kofi tun 1908, rabonsu da zuwa World Series ma tun 1945, shekarar da ake cewa wani mai gidan giya ya tsine musu saboda an kore shi daga fili shi da bunsurunsa. A wannan dare suna gaba da Florida Marlins wasa 3 da 2 a jerin neman zuwa World Series, suna gaba 3 da 0 a zagaye na takwas, Mark Prior na jifa kamar ba gobe. Saura 'yan wasa biyar su fitar, shi ke nan.

Luis Castillo na Marlins ya ɗaga ƙwallo ta karkata wajen layin hagu. Wrigley tsohon fili ne, tun 1914, kuma a wannan kusurwa katangar bulo ta matso layi sosai, kujerun gaba kamar a kan fili suke. Moises Alou na Cubs ya rugo ya yi tsalle ya zura safarsa saman katangar. Hannuwa da dama suka miƙe a lokaci guda, ƙwallon ta bugi hannun mutum ɗaya ta faɗa cikin kujeru. Alou ya sauko ya yarfe safarsa yana ihu. Alƙalin layin hagu, Mike Everitt, ya ce babu katsalandan, don ƙwallon ta riga ta shiga sararin 'yan kallo.

Ga bambancin da idonka ya tsallake. A Bronx hannun ɗan kallo ne ya fito fili. A Chicago hannun ɗan wasa ne ya shiga kujeru. Akwai magoya bayan Cubs da har yau suke tsayar da hoto suna cewa hannun ya ɗan leƙo, amma ni duk kallon da na yi ban ga abin da zai rushe hukuncin Everitt ba. Sannan ba maki aka bayar ba. Ƙwallo ce da ta fita layi, Castillo ya koma ya ci gaba da bugu, allo na nan 3 da 0.

Abin da ya kashe Cubs ya zo ne bayan haka. Prior ya kasa saita jifa, Castillo ya samu tasha ta farko kyauta. Ivan Rodriguez ya shigar da maki ɗaya. Sai Miguel Cabrera ya bugo ƙwallo a ƙasa kai tsaye wajen Alex Gonzalez na Cubs, irin wadda ake iya fitar da mutum biyu da ita a rufe zagayen, ta suɓuce daga safarsa. Derrek Lee ya rama wa Marlins 3 da 3. Kocin Cubs Dusty Baker bai cire Prior ba sai da ruwa ya kai wuya. Kafin a ankara Marlins sun zuba maki takwas a zagaye ɗaya. Washegari ma Cubs na da wasa na bakwai a gida, Kerry Wood na jifa, har sun shiga gaba 5 da 3, suka ƙare da shan kashi 9 da 6. Kar ka manta sun taɓa yin gaba da wasa 3 da 1 a jerin. Wane alƙali za a ɗora wa wannan?

Amma kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gonzalez ya tafi gida lafiya, mutumin kujerar gaba ya ɗauki kayan. Ka dube shi a bidiyon: hular Cubs a kai, tabarau, abin sauraren rediyo a kunne don yana bin sharhin wasan, ya zauna ƙiƙam yana kallon gabansa. A lokacin Wrigley ba shi da babban allon bidiyo, amma talabijin ta yi ta maimaita fuskarsa, labari ya shigo fili ta waya, aka fara nuna shi ana zagi, ana watsa masa giya. Sai da masu gadi suka fitar da shi ya rufe fuska da riga. Kashegari aka watsa sunansa da inda yake aiki, 'yan sanda suka tsare ƙofar gidansu. Ya fitar da takardar neman gafara, ya ƙi karɓar duk kuɗin da aka yi masa tayi, ya ɓace daga idon duniya. Shi ya sa ni ma ban kama sunansa ba. Ita kanta ƙwallon wani gidan abinci a Chicago ya saye ta fiye da dala 113,000, aka tarwatsa ta da nakiya a Fabrairun 2004 wai a karya tsinuwa. Sai a 2016 Cubs suka ɗauki kofi, a 2017 suka ba mutumin zoben zakaru.

Wani abin dariya: tun 1970 Wrigley ke da kwandon waya a saman katangar bayan fili, mai hana irin abin da ya faru a Bronx. Da a can Jeter ya yi bugunsa, da hannun yaro bai kai ba. Sai ga shi tsautsayin ya zo ta gefe, inda babu kwando.

Na san za ka ce ai da akwai irin VAR ɗinmu na ƙwallon ƙafa da duk an huta. Na Bronx kam da an rushe shi cikin minti ɗaya. Besbol ta fara duba bidiyo a Agustan 2008, kuma kan irin waɗannan bugu na bakin katanga aka fara, aka faɗaɗa a 2014 har koci ya samu damar ƙalubalantar hukunci, ana dubawa daga wata cibiya a New York. Na Chicago kuwa da ya tsaya yadda yake, don ba a sauya hukunci sai da hujja bayyananna. Kuma bidiyo bai kashe gardama ba. A 2018 a Houston, Mookie Betts na Boston ya yi tsalle bayan bugun Jose Altuve, hannuwan 'yan kallo suka rufe masa safa, alƙali Joe West ya ce katsalandan ne, Altuve ya fita. Aka duba, babu kyamarar da ta nuna layin katangar sosai, aka bar hukuncin. Mutanen Houston har yau ba su haɗiye ba.

Betts ɗin nan dai shi ya sake gamuwa da hannun 'yan kallo a World Series na 2024, yana sanye da rigar Dodgers, a kusurwar dama ta sabon Yankee Stadium. Ya cafe ƙwallon Gleyber Torres a bakin katanga, wani ya kama safarsa da hannu biyu ya ɓanɓare ta da ƙarfi, na kusa da shi ya riƙe masa ɗaya hannun. Wannan karon alƙali bai ko yi jinkiri ba. Torres ya fita, aka tasa ƙeyar mutanen biyu waje, daga baya aka haramta musu shiga filayen lig ɗin baki ɗaya.